Shekarar da Aka Feɗe Jakuna

Ku ƴaƴana, akwai labarin da kuka tashi da shi a gidan nan wanda ba haka yake ba, kuma ni ne na bar shi ya zauna a karkace. An gaya muku cewa Baba Musa, mai gyaran injin ban ruwa da ya zauna a sashen kudu na gidanmu, ya koma Damagaram ne don surukarsa ta tsufa tana son ɗiyarta kusa. Na sha jin uwarku tana faɗa muku haka, idonta a kan tukunya, ni kuma ina gefe ina jan carbi. Ta faɗa ne don ta rufa mini asiri. Manyanku suna Yamai da Agadas a shekarar, ƙananan kuma ba su yi wayo ba. Yanzu da gwiwa ta ƙi kai ni lambu, hannu kuma bai fara rawa ba tukuna, gara in rubuta da kaina.

Musa ya zo Madarumfa tare da wani aikin raya lambunan bakin tabki. Aikin ya ƙare, masu shi suka tattara suka tafi, shi ya zauna. Kowa na ce masa Shinuwa, wato mutumin Sin, har da ni, amma mutumin nan bai taɓa taka ƙasar Sin ba. Kakansa ne ya baro can a jirgin ruwa ya sauka Madagaska, can aka haifi ubansa, can aka haife shi. Faransanci ya zo da shi, Hausa kuma a bakin masunta ya koye ta, shi ya sa har ya bar garin nan idan ya yi fushi da inji zagin masunta yake yi masa. Ya musulunta a Damagaram, ya auri Zainabu, daga baya a nan suka haifi ɗiya ɗaya, Amina. Da ya nemi wurin zama na ba shi sashen marigayi mahaifinmu, katanga ɗaya tsakaninmu, gajera ce ma, mata na miƙa wa juna garwashi ta kanta. Shekara goma sha ɗaya muka yi haka. Yana gyara a gindin bedin ƙofar gida, mutane na kawo masa injuna daga Jiratawa har Sarkin Yamma. Yara kan bi shi suna ja wa idanunsu gefe da yatsa suna wani gwaranci wai yarensa ne, shi kuwa sai ya juyo ya tambaye su da Hausa ko iyayensu sun kwana lafiya. Muna dariya. Ban taɓa tsawata wa yaro ɗaya ba, don a ganina wasa ne, kuma ai shi ma yana murmushi.

Abu ɗaya ya riƙe na gidansu, shi ne kifin gishiri. Mu banda muka sani. Shi kuwa sai ya sayi karfasa ya tsaga, ya cusa mata gishiri ya shanya a kan rufin kwano, ya ce haka kakarsa ke yi. Uwarku Hadiza ta yi wata biyu tana toshe hanci, daga baya ita ce ke aikawa a karɓo mata na miya.

Sai shekarar jakuna ta zo. Wasu fatake suka fara sayen fatar jaki da tsadar da ba a taɓa ji ba, ana cewa ƙasar Sin ake kai ta a yi magani. Jakin da talaka ke saya ya ɗaura wa amalanke ya gagari talaka. Hukuma ta hana fitar da su, sai abin ya koma sata. Mutum ya ɗaure jakinsa a bakin gona ya shiga cire ciyawa, ya fito ya tarar da guntun igiya. Bayan kwana biyu ungulaye su nuna inda gawar take a cikin daji, an feɗe ta tas an bar nama jajir ga ƙudaje. Wanda bai rayu da jaki ba ba zai gane zafin nan ba. Jaki shi ne ruwan gida, shi ne takin gona, shi ke kai mai naƙuda asibiti. A cikin waɗanda aka yi wa haka akwai tsoho Na-Allah mai tallan ruwa, wanda jakarsa ɗaya ce, fara mai tsagaggen kunnen hagu, kowa ya san ta a gari. Na gan shi ranar yana yawo da igiyar a hannu yana tambayar har yara.

Kwana huɗu bayan haka na shiga bukkar lambuna neman lauje. Kun san bukkar, wadda ke can ƙarshe wajen zogale, ba kullum nake buɗe ta ba. Wari ne ya fara tarbe ni. Na ɗaga buhunan wofi, sai ga fatu a jibge an barbaɗe su da gishiri. Ta uku daga sama fara ce, kunnen hagu a tsage. Mutum biyu ke da mabuɗin bukkar nan, ni da ƙanena, babanku Sanusi, wanda ke jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Maradi da Katsina ta Ɗan Issa.

Na same shi a tasha yana cin tuwo, na ja shi bayan mota. Bai yi musu ba. Ya ce shi ba ya sata, ba ya yanka, ɗauka kawai yake yi a ƙarƙashin buhunan wake ya tsallake da su, kuma in bai ɗauka ba wani zai ɗauka. Ya ce kwana biyu kawai zai kwashe. Na zage shi, na ce ya kwashe yau ɗin nan. Ya kwashe. A raina na ce magana ta ƙare, na wanke bukkar da toka.

Amma na yi kuskuren faɗa a gida, ko kuwa in ce na yi daidai, don da ban faɗa ba da babu mai tuna mini. Kakarku Inna tana da rai lokacin, ido ya tafi amma kunne garau. Ba ta taɓa kiran sunana ba saboda ni ne ɗan fari, Mai Lambu take ce mini. Ta sa aka kira ni ɗakinta, ta laluba ta kama wuyan hannuna.

"Mai Lambu, nono ɗaya kuka sha. In ka kai shi kaso, ka haƙa kabarina tukuna."

Hadiza kuwa tana tsaye bakin ƙofa da ƙwarya a hannu. Ba ta taɓa sa baki a maganar Inna ba sai ran nan. Ta ce ita ba ta ce a kai kowa kaso ba, amma a je a sami Na-Allah a saya masa wata jaka a ba shi haƙuri tun abin bai zama wani abu ba. Inna ta ce in an yi haka ai an tona. Na bi ta Inna. Ina so ku sani ba tsoron Inna kaɗai ba ne. Ina tsoron a ce a lambun Isuhu aka ɓoye fatun, ni da nake sahun gaba a masallaci, ni da ake kira in raba gardamar iyakar gona.

Ban san wanda ya fara ambaton Musa ba. Irin wannan magana ba ta da uba. Aka ce ai ƙasarsu ake kai fatun. Aka ce an ga wasu Sinawa masu aikin hanya sun tsaya a gindin bedinsa, sun daɗe suna magana. Ni ina wurin ranar da suka tsaya. Wani ƙarfe suke nema, kuma da hannu aka yi cinikin, don shi ba ya jin yarensu, su ba sa jin Faransanci. Na san wannan, na ji ana juya labarin a majalisa, na yi shiru ina shan shayi. Cikin mako ɗaya magana ta ƙosa, aka kai ƙara wurin mai gari.

Da hantsi aka yi zaman, ranar Laraba. Zauren ya cika har waje, mutanen ƙauyukan da aka yi wa sata sun zo da sanduna. An riga an aika dogarai sun bincike sashen Musa, suka dawo da rabin buhun gishiri suka ajiye a tsakiyar zaure, suka ce gidan kuma yana wari. Musa ya yi bayani a natse, ya ce gishirin kifi ne, duk unguwa an sani, an ma ci. Wani daga baya ya ce kifin nawa ne zai cinye buhu. Aka yi ta hayaniya. Mai gari mutum ne mai hankali, ba ya son a taɓa baƙo a ƙasarsa, na kuma ga alama yana neman wanda zai ba shi igiyar da zai kama. Ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya dube ni.

"Malam Isuhu, kai ne mai masaukinsa. Shekara nawa kuna tare. Mi ka sani game da mutumin nan?"

Ba a ce in ambaci Sanusi ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Da na ce na san shi, gishirin kifi ne, na ci da bakina, ni ne shaidarsa, da an watse. Amma a cikin ɗan lokacin nan zuciyata ta yi wani lissafi: in aka wanke Musa, ido zai koma neman wani, kuma akwai waɗanda suka ga kamiyon Sanusi a bakin lambuna. Na sunkuyar da kai na ce:

"Ranka ya daɗe, katanga ce tsakaninmu. Abin da ke bayan katanga, Allah kaɗai ya sani."

Na ji zauren ya yi wani gunaguni irin na an samu abin da ake nema. Ban ɗaga kai ba, amma na ga ƙafafun Musa, da baƙin mai a yatsunsa, sun ɗan ja baya. Aka tambaye shi ko yana da abin ƙarawa, ya ce babu. Mai gari ya ce ba a kama shi da fata ba, don haka ba shi da hukunci, kowa ya tafi gida. Ya sa dogarai suka raka shi har ƙofa don kada a taɓa shi.

Babu hukunci, amma gari ya yanke nasa. Injuna suka daina zuwa gindin bedi, mutane suka gwammace su ɗauka har Maradi. Masunta suka daina sayar masa da kifi. Zainabu ta je famfo, mata suka janye bokitansu kamar mai kuturta ce ta iso. A lakwal, wato makarantar boko, yara suka sa wa Amina suna ɗiyar mai cin jaki, wata rana ta dawo da goshi a fashe, an jefe ta. Yarinyar da aka yanke wa cibi a gidan nan, uwarku ce ta yi mata wankan farko. A masallaci kuma sai ka ga an bar tazarar mutum ɗaya a kowane gefensa, liman na cewa a daidaita sahu, kowa na kallon gabansa. Ni da muka saba fita tare, na koma jinkirta alwala har sai na ji ƙarar ƙofarsa.

Hadiza ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da na samu sauƙi. Takan ajiye mini abinci ta juya, sannan ta ɗauki wani kwano ta fita ta ƙofar gida, ba ta kan katanga ba, ta zagaya a idon mutane ta shiga wurin Zainabu. Sau ɗaya na ce mata ta riƙa miƙawa ta ciki mana. Ta dube ni ta ce:

"Malam, ai ka ce ba a sanin abin da ke bayan katanga. Shi ya sa nake zagayawa in gani."

Wata guda ana haka, wata safiya ina ba albasa ruwa sai ga Musa ya shigo lambu. Ya yi sallama, ya tsuguna wajen injina ya saurari kukansa, ya ce in canza mai kafin mako ya fita. Sannan ya ce za su tashi ran Asabar, ya zo ya gaya mini da bakinsa don ni ne mai gida. Na fara wasu maganganu na banza, cewa ya yi haƙuri ƙura za ta lafa, mutane ne ba su da tunani. Ya bar ni na gama.

"Yaya Isuhu, ranar da na zo gyara maka tiyo na tarar da bukkar can a buɗe, na shiga neman igiya. Na riga ka ganin fatun da kwana biyu."

Tiyon ya faɗi daga hannuna, ruwa na ta kwarara cikin kwamin albasa ɗaya. Na tambaye shi abin da ya hana shi faɗa a zaure. Ya ce a gidana yake kwana, ɗiyarsa na kiran matata inna, ba zai tashi a gaban jama'a ya nuna lambuna da yatsa ba. Ya ce bai ma so in ambaci ƙanena ba, jira kawai ya yi in ce na san shi. Daga nan ya ba ni wani labari da bai taɓa ba ni ba a shekara goma sha ɗaya. Yana yaro, a garin da aka haife shi, abinci ya yi tsada, mutane suka ce masu irin fuskarsu ne suka ɓoye shinkafa, aka fasa kantin ubansa aka sa wuta. Ubansa ya tsaya yana ba su haƙuri da yaren garin, don bai iya yaren Sin ba, suna ce masa ya koma ƙasarsu. Musa ya ce tun daga ranar ya san cewa duk inda ya zauna, zaman lafiyarsa na hannun maƙwabci ɗaya da zai buɗe baki.

"A can ba mu samu ba. Nan na ɗauka na samu."

Bai ɗaga murya ba. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya tuna mini maganar mai, ya tafi. Da na bi shi a lokacin na ja hannunsa zuwa wurin mai gari, da wataƙila wani labarin nake rubuta muku. Na tsaya ina kallon albasa tana nutsewa.

Ran Asabar mota ta zo daga Maradi. Na fito na kama musu ɗaukar kaya, bai hana ni ba, bai kuma dube ni ba. Zainabu da Hadiza suka rungume juna a zaure suna kuka marar sauti. Amina ta zo ta durƙusa ta yi mini sallama, ta ce Baba sai wata rana, tabon na nan a goshinta. Babu wanda ya fito rakiya a duk unguwar.

Satar jakuna ba ta tsaya ba. Na zaci mutane za su ji kunya, sai suka ce ai ya bar yaransa ne suna yi masa aiki. Kafin shekara ta zagayo ƴan duwan, wato kwastan, suka kama Sanusi a kan iyaka da kaya a ƙarƙashin wake, aka ƙwace motar, ya yi watanni a kaso. Abin da na sayar da amana don in hana, ya faru ba da hannuna ba. Inna ta rasu yana ciki. Ko a lokacin ma babu wanda ya haɗa wannan da wancan a fili, ni kuma ban taimaka musu ba. Na-Allah ya mutu yana tsine wa Shinuwa.

Shekara bakwai ina cewa zan je Damagaram. In damina ta wuce, in an cire albasa, in an yi bikin wance. Da na tashi tafiya, bara waccan, na yi tambaya a kasuwa har aka nuna mini gidan. Zainabu ce ta fito, ta tsufa fiye da shekarunta. Ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta kawo ruwa, ta tambayi Hadiza da ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Sannan ta ce Musa ya rasu watanni goma sha huɗu da suka wuce, ciwon hanta. Ta ce a can ma bai sake sakin jiki da kowa ba, daga gida sai wurin aiki sai masallaci, kuma bai ƙara shanya kifi ba. Amina tana karatun aikin jinya, ba ta gida. Na faɗi abin da ya kawo ni, na ce ta yafe mini. Ta ce:

"Yafiyar ba tawa ba ce, Malam, mai ita ya tafi da abarsa. Kuma ba a zauren nan ka yi maganar ba. In kana da gyara, ka kai ta inda ka ɓata."

Na dawo gida na yi mako biyu ina juyi. Na sami Sanusi na gaya masa abin da zan yi, ya ce ya riga ya biya nasa a kaso, in na sake tono shi babu ni babu shi. Ranar wata Juma'a bayan an sallame na roƙi liman ya ba ni dama, na miƙe a masallacin unguwa na faɗi komai: bukka, fatu, farar jakar Na-Allah, da abin da na ce a gaban mai gari alhali na san gaskiya.  Sanusi ya tashi ya fita, har yau bai sake taka gidan nan ba, kuma kada ku riƙe shi da wannan, ku ci gaba da gaishe shi. Wasu suka sunkuyar da kai. Samari suna tambayar juna wane Musa. Wani dattijo da na tuna sarai yana riƙe da sanda a zauren mai gari ran nan ya dafa kafaɗata ya ce abin da ya wuce ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya sa takalmansa.

Da la'asar na sa uwarku ta kira mini Zainabu a waya. Na gaya mata na yi, a masallaci, a gaban jama'a.  Sai ta tambaye ni kamar mutum nawa ne suka ji. Na ce sahu uku ne, ko da ɗan ɗori.

"Ran nan sun fi haka yawa," in ji ta. "Ba ni Hadiza mu gaisa."

Na miƙa wa uwarku wayar.